Zauren Karatu: Jiki Magayi da Ƙwaryar Furar Goggo

 Da fatan kowa ya koma makaranta lafiya, kuma 'yan aji shida da WAEC da NECO ke jira a gaba sun fara rage hira da waya. Kafin a tafi hutu mun yi muku alkawarin rahoton littattafan da ƙungiyarmu ta karatu za ta karanta a cikin birnin Zariya. Ga shi mun kawo, sai dai ya zo da ɗan rakiya. Wata magana ce ta abinci ta kutso kai cikin zaman namu, muka ga bai kamata mu bar ta a zaure ba.

Ga sababbin masu bibiyar filin, mu goma sha huɗu ne. Huɗu daga cikinmu muna jami'a, wasu a Samaru wasu a Kongo, sauran goman kuwa 'yan sakandare ne kamarku, daga aji uku zuwa aji shida. Duk Asabar bayan la'asar muke haɗuwa a zauren wani gida kusa da Ƙofar Kuyambana, maza a tabarma ɗaya, mata a ɗaya, Goggon gidan kuma tana jiyo mu daga tsakar gida, wani lokaci har ta jefo ra'ayinta kan littafin da ba ta karanta ba. Kuɗinmu bai kai kowa ya sayi nasa ba, don haka kwafi uku ke zagayawa, kowa kwana biyu. Doka ɗaya gare mu: ba a cewa "ya yi daɗi" ko "bai yi daɗi ba" a yi shiru. Sai ka faɗi dalili, in da hali ka buɗe shafin ka nuna.

Da Jiki Magayi muka fara, saboda na gida ne. John Tafida, mutumin Wusasa, shi ya rubuta shi tare da R. M. East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Talifi a nan Zariya, kuma yana cikin littattafai biyar na farko na ƙagaggun labaran Hausa da suka fito bayan gasar 1933. Sauran su ne Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar da Idon Matambayi. Siriri ne, a zama ɗaya za ka gama shi, amma sai da ya cinye mana Asabar biyu. Abubakar yana neman Zainab, attajiri Malam Shaihu ya zo da dukiya ya aure ta don yana neman haihuwa, shi kuma Abubakar ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi. Ramuwar ta sauka a kan ɗan da aka haifa, Kyauta, wanda ya tashi ɓarawo, har ta kai shi ga kashe mahaifinsa ba tare da ya san shi ne ba.

Maza da yawa sun fara da goyon bayan Abubakar, wai an yi masa fin ƙarfi. Sai wata 'yar aji huɗu ta tambaya, to shi Kyauta me ya yi? Lokacin da ake rigimar ko cikinsa ba a ɗauka ba. Zauren ya yi tsit. A ganinmu wannan tambaya ita ce zuciyar littafin, kuma abin da ya sa har yau bai tsufa ba. Inda ya gaza mana shi ne Zainab: a kanta ake komai, amma ba a cika barin mai karatu ya zauna da ita ya ji abin da ke ranta ba.

Ruwan Bagaja mun karanta shi ne don mu huta, kuma mun huta. Wanda aka ba karatu a bayyane sai da ya riƙa tsayawa saboda dariyar yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ɗana wa juna tarko gari bayan gari. Wani ɗan aji biyar ya ce za ka iya cire babi guda daga tsakiya ba wanda zai lura, kuma da gaskiyarsa, labarin jere yake kamar ƙwayoyin carbi. Amma ku riƙe wannan: a 1911 aka haifi Abubakar Imam, ke nan shekararsa 22 lokacin gasar, yana malamin makaranta a Katsina. Wasunmu shekara biyu kacal ya ba mu. A 1936 ya zo nan Zariya ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, daga baya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Duk wanda ya taɓa wucewa ta gaban ginin Kamfanin Gaskiya, ya wuce ta wurin da Hausar boko ta yi ƙuruciyarta.

Littafin da ya fi tayar da ƙura shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, aka kuma fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Rabi tana da 'ya'ya tara, mijinta Alhaji Abdu ya auro wata ya kore ta, ta koma sayar da abinci tana riƙe yaran da guminta. Da duniya ta juya wa Alhajin baya, sai aka taru a kanta a kan ta koma. Matan zauren ba su yafe wannan ƙarshe ba. Ɗaya ta ce in ita ce marubuciyar, da Rabi ta ci gaba da tukunyarta. Wata ta ce a'a, marubuciyar ta rubuta abin da ke faruwa ne a gidajenmu, ba abin da muke fata ba, kuma haushin da muke ji shi ne abin da take so mu ji. Mu dai mun fi karkata ga ta biyun. Goggo ta ɗaga murya daga ciki ta ce ta san Rabi guda uku a unguwar nan. Ba wanda ya nemi ta faɗi suna.

Sai na huɗu, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, labarin Mailoma da ta'addancin da ya kafa bayan yaƙin basasa. Ta fuskar gina labari, a cikin huɗun babu kamarsa. Ka fara ba ka son ajiyewa. Amma jini ya yi yawa a ciki, kuma mutum uku suka mayar da shi ba su gama ba. Ɗaya daga cikinsu, 'yar aji biyar, ta bi dokar zaure ta faɗi dalilinta tsaf: "Ban ce littafin ba shi da kyau ba. Ni ce bai karɓe ni ba, kwana biyu ban yi barcin kirki ba." Kowa ya gamsu, ba wanda ya ce mata matsoraciya.

To a nan maganar abinci ta shigo. Wannan yarinya da ta iya duban mutum goma sha uku ta ce littafi bai karɓe ta ba, ashe mako biyar tana shan abin da ba ya karɓar ta, ta kasa buɗe baki. Kowace Asabar Goggo kan aiko da ƙwaryar fura da nono, a zuba wa kowa a kofi. Ita kuma takan sha, bayan kamar awa ɗaya ta ce ana nemanta a gida. Sai da ƙawarta ta yi suɓutar baki aka san cewa ciki ne ke murɗa mata, ya kumbura, ya yi ta ƙugi, wani lokaci har da gudawa. Da maganar ta fito fili, sai ga mutum uku sun ce su ma haka suke ji in sun sha shayi mai kauri. Wani ɗan aji shida kuma ya ce shi gyaɗa ce matsalarsa: ko kaɗan ta shiga bakinsa, leɓɓansa su kumbura, jiki ya feso da borin jini. Shi ya sa ba ya cin fate a gidan kowa, abokai kuma suna ta yi masa tsiya wai Bazazzagin da ba ya shan fate sai a binciki asalinsa.

Abu biyu ne daban a nan, kuma haɗa su yana da haɗari, don haka bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

A cikin madara akwai wani nau'in sukari da likitoci ke kira laktos. Kafin jiki ya amfana da shi, sai wani sinadari da ƙaramin hanji ke samarwa, mai suna laktes, ya raba shi gida biyu. Jarirai suna da wannan sinadari isasshe, don nono ne abincinsu. Bayan yaye kuwa, a jikin mafi yawan 'yan Adam yakan riƙa raguwa. Idan ya yi kaɗan, sai sukarin ya wuce babban hanji bai narke ba, ya jawo ruwa, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a can su hau cinsa suna fitar da iska. Kumburi, ƙugi, murɗa da gudawa ke nan, yawanci daga rabin awa zuwa awa biyu bayan an sha. Kimanin kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya haka jikinsu yake. Wato wanda ya girma yana narkar da madara sarai shi ne ɗan tsiraru, kuma an fi samunsa a cikin al'ummomin da kakanninsu suka daɗe suna kiwo, kamar mutanen arewacin Turai da Fulani.

An ma taɓa gwada wannan a ƙasar nan. A 1971 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Najeriya, cikin masu binciken har da Olikoye Ransome-Kuti wanda daga baya ya zama ministan lafiya. Sun samu cewa mafi yawan Fulani makiyaya suna narkar da sukarin madara, Yarbawa da Ibo kuwa kusan duka ba sa iyawa, Hausawa ma mafi yawan waɗanda aka gwada ba sa iyawa. Saboda haka duk wanda ya ce muku wannan ciwon 'yan gayu ne ko sanaben 'yan boko, ku gaya masa tun kafin a haifi iyayen wasunmu aka auna shi a nan gida.

Za ku ce, to yaya muke shan fura da nono tun kaka da kakanni ba mu ga gari ya kwanta ba? Dalili shi ne nonon da muke sha ya kwana ya yi tsami. Bakteriyar da ke sa shi tsami ta riga ta cinye wani kaso na sukarin, kuma tana ci gaba da taimakawa a cikin ciki. Ga shi kuma ana dama shi da gero, wanda ke sa ya sauka a hankali. Kofi ɗaya na madarar shanu yana ɗauke da kimanin giram 12 na laktos, kuma da yawa daga masu wannan matsala suna iya ɗaukar kusan haka ba tare da wahala ba, musamman in tare da abinci ne. Inda gizo ke saƙar shi ne madarar zamani. Madarar gari, fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinta wannan sukari ne. Ta gwangwani kuwa an ƙone ruwanta, don haka ta ninka ɗanyar madara. Ka je teburin mai shayi ka ce a yi maka mai kauri, ka ɗora askirim da rana, ai dole ciki ya yi magana.

Hakan ce ta faru da 'yar aji biyar ɗin nan. Kindirmo kaɗan ba ya damunta. Ashe Goggo, don son ta kyautata mana, takan zuba madarar gari cokali da yawa a furar don ta yi garɗi. Yanzu kafin a zuba madarar ake ɗebar mata rabin kofi, kuma tun daga nan ba a sake nemanta a gida ba sai an tashi.

Maganar gyaɗa kuwa ba ta narkewar abinci ba ce. Wannan ita ake kira alaji: garkuwar jiki ce ke ɗaukar gyaɗar a matsayin abokiyar gaba ta far mata. Ba ruwanta da yawa ko kaɗan, ɗan ɓurɓushi ya isa, kuma cikin mintoci take tasowa. Wani lokaci ta tsaya a ƙaiƙayi da borin jini, wani lokaci ta kai ga kumburin harshe da maƙogwaro, numfashi ya riƙa sarƙewa, jiri ya ɗebi mutum. In ta kai nan tana iya kisa. Duk ranar da kuka ga haka ga wani a aji ko a ɗakin kwana, ba lokacin neman manja ko jiƙo ba ne, kuma ƙwayar Piriton tana rage ƙaiƙayi ne kawai, ba ta buɗe maƙogwaro. A kira malami, a garzaya asibiti mafi kusa, allurar adiranalin ake bukata. Mu na cikin birni ga asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga kuma asibitin koyarwa a Shika.

Mun zauna da abokin namu muka lissafa inda gyaɗa ke ɓuya a abincinmu, sai da muka tausaya masa. Ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa kowa ya sani. Amma akwai yajin tsire da na kilishi, akwai kwaɗon zogale da na rama, akwai miyar taushe, dakuwa, fate, da duk abin da aka soya da man gyaɗa na gida, daga ƙosai har awara. Mutumin da ke tambayar "da wane mai aka soya?" kafin ya ci ba iyayi yake yi ba.

Akwai kuma masu matsala da alkama, wato burodi, taliya, fanke, alkaki da gurasa. Mafi tsananinta ita ce cutar siliyak, inda wani sinadari na cikin alkama mai suna gulutin ke lalata bangon hanji. Gwajin asibiti ne ke tabbatar da ita, kuma ba a daina cin alkamar kafin a yi gwajin, in ba haka ba sakamakon zai ruɗe. Sa'ar da muka yi, gero, dawa, masara, shinkafa da acca duk babu gulutin a cikinsu. Sai dai a lura da ɗanwake da waina, don yanzu masu yi da yawa suna haɗawa da fulawa.

Yaya mutum zai gane nasa? A garin nan duk ciwon ciki sunansa ɗaya daga cikin uku: ulsa, basir ko taifot, kuma kowa likita ne. Mu dai abin da ya yi mana amfani shi ne dokar zauren nan, wato faɗi dalili ka nuna shafi. Ka ware bayan wani tsohon littafin rubutu, ka riƙa rubuta abin da ka ci, da ƙarfe nawa, da abin da ka ji bayan nan, har mako biyu. In madara kake zargi, bar ta gaba ɗaya na mako biyu, sannan ka dawo da ita kaɗan ka gani. Wannan gwaji na madara ne kawai. Wanda abinci ya taɓa kumbura masa baki ko ya shaƙe shi kada ya kuskura ya gwada a gida. Ku kuma tuna ba kowace gudawa bayan shan nono ce ta laktos ba. In nonon ba a tafasa ba, ko an sirka shi da ruwa marar tsabta, kowa ma zai iya kwanciya. In kun sha ku biyar duk kun kwanta, ku tuhumi ƙwaryar. Wanda kuma ke ganin jini a bayan gida, ko yana ramewa, ko zazzaɓi da amai, ya ajiye littafin ya tafi wurin likita.

Kada kuma tsoro ya sa a yi ta yanke abinci barkatai. Shekarunku ne na gina ƙashi, kuma madara tana ba da kalsiyam. Wanda ya rage ta ya riƙe miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu. Man shanu kusan babu laktos a cikinsa, don haka tuwo bai rasa abokinsa ba.

Abin da ya fi duk wannan wuya shi ne faɗa. An tarbiyyantar da mu cewa ba a mayar da ƙwarya a gidan mutane, kuma tarbiyya ce mai kyau. Ka ƙi abin da babba ya miƙo maka, sai a ce ka raina. Amma mun lura yawanci lokacin faɗar ne ke ɓata magana. In ka bari sai an zuba an miƙo sannan ka kawar da kai, dole mai gida ya ji babu daɗi. In kuwa ka riga ka shiga ka gaida uwar gida ka gaya mata tun kafin ta dama, ka ba ta girmanta. Haka yarinyar nan ta yi daga baya, ta durƙusa ta ce, "Goggo, ba raini ba ne wallahi, madarar gari ce ba ta karɓa ta." Goggo ta ce, "Ke 'yar nan, shi ne kika yi ta cutar kanki? Ai ni ma rabona da shayin madara tun haihuwar Yayanku." 'Yan makarantar kwana kuma, a samo takardar likita a kai wa malamin da ke kula da ɗakin kwana da masu kicin tun farkon zango. Ranar jarrabawa da safe kada a sha abin da ba a saba da shi ba, ko da aboki ya rantse yana buɗe ƙwaƙwalwa.

Yanzu a zauren namu ƙwarya biyu ke fitowa, ta fura da ta zoɓo ko kunun aya, kuma duk wanda ya kawo abin taɓawa sai ya faɗi abin da ke ciki kafin a buɗe. Ranar rufe zaman hutu mun kaɗa ƙuri'ar gwanin kowa: Alhaki Kuykuyo Ne ya samu shida, Ƙarshen Alewa Ƙasa huɗu, Jiki Magayi uku, Ruwan Bagaja ɗaya tak, kuma mai ƙuri'ar ya ce ko a gaban alƙali ba zai janye ba.

Tunda an koma makaranta, zaman ya koma sau biyu a wata. Na gaba shi ne So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na nan Zariya ya buga a 1980, labarin Boɗaɗo 'yar Fulani da Yasir. Bayansa Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wanda ya samu kwafi a laburaren makarantarsu ya karanta tare da mu, ya rubuto mana ra'ayinsa da dalilinsa, za mu buga waɗanda suka fi ƙarfin hujja. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.